Gurin Kwanciyar Malam Isufu a Maƙabartar Garinmu

Zuwa ga Maigirma Magajin Gari,

Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya, kai da iyali da 'yan majalisarka. Ni ce Hadizatu, matar Malam Isufu na gidan da ke bayan tsohon injin katako. Da Hausa nake rubutawa, ɗiyata za ta juya maka zuwa Faransanci.

Maigidana yana kwance a likita a Lyon, kuma likitoci sun daina ɓoye mana. Roƙonsa guda: a bizne shi a garin nan, fuskarsa ga alƙibla. Na kai buƙatar nan ofishinka, ga abin da na tarar.

Na ɗaya. An ce mini maƙabarta ta cika, sauran filin na jikokin Jamusawan da suka kafa garin ne. Ina girmama Jamusawan nan na farko. Su suka sare dajin nan, suka gina coci da injin da mijina ya tsufa a cikinsa. Amma jikokin nan sun watse Paris da Lyon, gidajensu mu da 'yan Portugal da Turkawa ke zaune ciki. Da ba don yaranmu ba, da an rufe lakwal, wato makarantar garin.

Na biyu. Da na koma, magana ta sake: wai ƙasar filin ruwa gare ta. To, ta cika ne ko ruwa ne? Ban ce kowa ya yi ƙarya ba, Allah ya tsare ni da zato. Sai dai tun da aka rushe katangar Berlin baƙi ke zuwa da manyan motoci neman kakanninsu, kuma na ga ma'auna ƙasa sun kafa turaku a filin. Wurin ajiye mota ake so? A faɗa mini, zan iya ji.

Na uku. Sakatarenka ya ce kabarin da ya karkace don duban alƙibla zai ɓata layi. Maigirma, ka je ka dubi layin farko, na jikin katanga. Duk a karkace suke. Maƙwabciyata Madam Berta, wadda kakanninta ke nan kwance, ta ce da gangan aka juya su su dubi ƙasar da suka baro. Su ma baƙi ne, kuma ba wanda ya gyara musu kwanciya.

Roƙona: ka ba mu guri ko a can kusurwa ne, ko kuwa ka rubuto mini dalili guda wanda ba zai sake ba in na dawo. Kuma don Allah cikin hanzari. Duk zuwan da na yi duba shi, sai Malam ya tambaye ni ko an ba mu. Tun da muka yi aure ban taɓa yi masa ƙarya ba. Kada ka sa in fara yanzu.

Allah ya ba ka lahiya, ya yi maka jagora cikin riƙon jama'a.

Wassalam,
Hadizatu