Na Nemi Gafarar Inna

Daren Lahadi

Jibi za a yi mini aikin rage tumbi. Likita ya ce in ba haka ba, ƙiba da ciwon suga za su kayar da ni. Sati biyu ke nan ruwa-ruwa kawai nake sha.

Na ɓoye wa Inna maganar. Bayan isha'i na kira ta, na ce, "Inna, ki yafe mini duk abin da na yi miki."

Ta ce, "Hadiza, wane asibiti ne? Haka babanki ya ce mini ranar da zai shiga tiyata."

Baba bai farka daga tasa ba. Da asuba Inna za ta hau motar Abuja ta zo wurina. Na kasa kashe fitila.