Kejin da Ka Ƙera wa Ɗana

Zuwa ga ƙanena Mai Walda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke kwana a gidanmu. Na ji ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida da kanta, Allah ya ƙara afuwa. Na kuma ji an yi maka ƙaruwa, Allah ya raya, ya sa mai jin magana ce, don masu taurin kai sun ishe mu a gidan nan. Ni ma lafiya, sai gwiwa da ke mini tsiya in an yi sanyi, da gajiyar da barci ba ya fitarwa. Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida, ban taɓa zama na rubuta maka takarda ba, kullum waya muke yi. Wannan karon da gangan na ƙi kiranka. Na san halina, zan ɗaga murya. Na kuma san naka, za ka ce layi ba kyau, ka kashe. Takarda kuwa ba a kashe ta.

Ka san abin da ya kawo ni nan, koyar da dambe a gidan motsa jiki. Da na zo, ɗalibaina sun haura talatin. Shekara biyu da suka wuce mai wurin ya sa aka kwance dandamalin dambe da igiyoyinsa, aka kafa keji, don yanzu kowa faɗan keji yake so, wannan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa da shaƙa. Ɗalibaina sun koma huɗu, biyu daga ciki sun fi ni furfura. Sauran lokacin ina riƙe wa 'yan keji matashin naushi, in sun watse in bi katifu da tsumma. Saurayi zai zo ranar farko ya miƙo maka waya, ya ce wannan yake so a koya masa. Ka ce ya yi wata guda yana tsallen igiya da koyon ajiye ƙafa, sai ya dube ka kamar ka zagi ubansa. Duk wannan na haɗiye, abincina ne.

Abin da na kasa haɗiyewa ya faru ranar Talatar da ta wuce. Ina cikin goge katifu sai na ga samari sun taru kan waya ɗaya suna ta dariya. Ɗaya ya yafito ni, wai in zo in ga wani wawa da aka murɗe wa hannu ya ƙi sallamawa, bidiyon ya zaga duniya. Na leƙa. Kafin in ga fuskar kowa, tagar na fara ganewa, wadda ƙarfenta ɗaya ya lanƙwashe. Sai ƙugiyar da na kafa a rufi da hannuna don rataye buhun naushi. Ɗakin atisayena ne, wanda na bar maka makullinsa amana. Sannan na dubi kejin, na ga ɗinkin waldar, yadda kake komawa kan kowace gaɓa sau biyu. Ko a cikin duhu na shafa aikinka zan gane shi. Wawan da ke kwance a ƙasa kuwa, an lanƙwasa masa hannun hagu ta baya, abokin faɗansa da kansa yana yi masa ihu ya sallama, shi kuma yana girgiza kai, ɗana ne. Bahagona ne. Na ji ƙarar kafaɗar a cikin wayar. Samarin suka mayar da wurin sau uku don su sake ji, ni ina tsaye da tsumma a hannu.

Na kira uwarsa, ta yi ta kame-kame, daga baya ta fashe da kuka ta faɗa mini duka. Ta ce kafaɗar ta goce, likita ya mayar, ya ce wata uku kada ya ɗaga ko bokiti. Ta ce bayan kwana goma ya kwance majanyin da aka rataye masa hannun ya koma atisaye. Ta ce an sa ranar ramuwa ƙarshen watan gobe, har an buga takardu an manna a bango. Ta kuma ce kai ka tara su ka ce kada a gaya mini, wai hankalina zai tashi ina ƙasar mutane. To, sannu da tausayi. Ka raba ni da tashin hankali, ka bar ni na ji labarin ɗana a bakin masu yi masa dariya. Ashe duk gaisuwar da muka yi ta waya makonnin nan, kana cewa kowa lafiya, ka san abin da ke ƙasa. Kai ka ba mai gyaran wayar nan na bakin titi ɗakina. Kai ka ƙera masa keji. Mutumin da na bari yana canza gilashin waya, yau shi ne koci, ya rataya usur a wuya, duk iliminsa daga bidiyo. Da wani ya kalli bidiyon walda na wata uku, za ka miƙa masa tukunyar gas ka tafi cin abinci?

Amma laifi tudu ne, ba zan taka nawa in hango naka ba. Ban ce mai gyaran waya mugu ba ne. An ce ya tara samari arba'in da dā ba su da aiki sai zaman bakin titi, kuma a bidiyon na gan shi ya yi tsalle ya shiga kejin fuskarsa duk tsoro. Bai sani ba ne kawai, bai kuma san bai sani ba. Shi kansa wasan ba zan zage shi ba, ko da yake ya ƙwace mini ɗalibai. Kocin kokawarmu a nan wani ɗan tsurut ne, in ka gan shi a hanya sai ka ce malamin lissafi. Duk sabon da ya zo wurinsa, sati uku ba ya koyon komai sai faɗuwa da sallamawa, wato buga katifa ko jikin abokin faɗa da tafin hannu, alamar ka miƙa wuya a sake ka. Wanda ya ƙi bugawa, korarsa yake yi a ranar, ko nawa ya biya. Na taɓa yi masa ba'a cewa shi gudu yake koyarwa. Ya ce in hau katifa. Ƙanena, ban san ta inda ya bi ba, sai jin hannunsa na yi a maƙogwarona, fitilun ɗakin suna yin nisa. Ni, da shekara hamsin da huɗu, da kofunan gasar damben nan da ke kan kabad ɗin Inna, na buga katifa kamar mai kashe kyankyaso. Da na farfaɗo ya ce mini a dambe mai tsayawa a kusurwa ne ke jefa tawul ya ceci ɗan wasansa, amma a ƙasa babu mai jin abin da gaɓarka ke ji sai kai, don haka kowa tawul ɗinsa na tafin hannunsa.

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni tun Talata, don na san wanda ya cire wa Bahago tawul daga hannu. Ni ne. Tun yana ɗan shekara tara nake tsaye a kansa a ɗakin nan ina cewa namiji ba ya cewa ya isa. Ka tuna ranar da hancinsa ya fashe, ya dube ni, na ce ya haɗiye ya ci gaba? Na faɗi haka ne don na san ina kusurwa da tawul a kafaɗa, ni zan ce ya isa a madadinsa. Sai na tafi da tawul ɗin na bar masa taurin kan. Girgiza kan nan da duniya ke yi wa dariya, karatuna ne yake biyawa. Hannun hagun nan kuwa shi ne duk arzikinsa, ko ya yi wasa ko ya koma bin ka wurin aiki. Kafaɗar da ta goce, in aka sake murɗe ta ba ta warke ba, ta zama ƙofar da ba ta da sakata. Na ga irinsu a nan, samari majiya ƙarfi da ba sa iya sa riga sai an taimaka musu.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba, yayanka ne ke magana. Ka zaunar da Bahago ka karanta masa takardar nan, har wurin da aka shaƙe ubansa, kada ka tsallake. Ka ce masa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, wanda ya buga katifa yau shi ke dawowa atisaye gobe. Ban hana shi faɗan keji ba, ya kai ashirin da biyu, kuma na ga yana da ƙafa mai kyau. In likita ya sallame shi, zan roƙi ɗan tsurut ɗin nan ya riƙa duba atisayensu ta waya, shi ma mai gyaran waya ya ƙaru. Amma wasan watan gobe babu shi. Ka je ka yage takardun nan. In sun ƙi ji, kai ne ka ɗinke kejin, ka san inda za ka sa wuta ya rabu. Ina jiran amsarka nan da sati biyu. In ba ta zo ba, ko ta zo da kwana-kwana, ni zan zo. Na tambayi mai wurinmu hutu, ya ce ƙofa a buɗe take, amma mai goge katifa ba ya wuyar samu. Ka san ma'anar wannan, ka kuma san daga inda kuɗin makarantar 'yan matana biyu da maganin Inna ke fitowa. Kada ka sa in zaɓa, don na riga na zaɓa.

Ka gaishe mini da Inna, amma kada a karanta mata wannan. Ka gaida Yaya Babba da maigidanta Direba, da maiɗakinka mai jego, da Auta, da 'yan matana, ka ce ina ganin sakamakon jarrabawarsu. Ka ce wa uwar Bahago ban yi fushi da ita ba. Kai ma, ko da na yi, nono ɗaya muka sha.

Kullum kana tambayata me na tara a shekara shida, ina ce maka ana nan ana yi. To ga shi: kuɗin jirgi na zuwa, babu na komowa. Safar dambe biyu da na tsamo daga shara ranar da aka kwance dandamali. Da tawul ɗaya, fari, na wanke shi na ninke.

Naka,
Yayanka