Na Uku Mai Jan Bango

Asabar, 2 ga Yuni, 2007

Rauda ta tafi Baure, gidan iyayenta, haihuwar fari. Ni na raka ta tasha. Da na dawo ina neman takalmina a ƙarƙashin gado sai na jawo kwalin sabulu cike da littattafan soyayyarta. Ashe abin ya kai haka. Kowane bango mace ce ta yi tagumi, ko namiji ya jingina da mota. Na buɗe ɗaya, shafi biyu cur ana ba da labarin labulen falo. Matar malamin tarihi ke nan a babbar sakandare. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Lahadi, 3 ga Yuni

Na ƙone su a bayan gida bayan azahar. A rediyo an ce a Kano ma tattara su ake yi. Takardar banza ce, ko cin wutar kirki ba ta yi. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Kalilu, me kake ƙonawa?" Na ce shara. Raina fes.

Laraba, 6 ga Yuni

Na ba da labarin a ɗakin malamai, ina jiran a yaba. Malam Ya'u na lissafi ya ce shi ma ba ya karanta na soyayya, na yaƙi da aljanu yake so, inda jarumi ɗaya ke kashe runduna da takobin tsafi. Har yana ɗaga kai, wai shi ya fi mata. Wani ya ce na 'yan fashi da 'yan sanda su ne karatu. Malamar Turanci kuma ta ce ita ba ta taɓa na Hausa, sai na Turawa, alhali soyayyar ce dai aka sa wa kwat. Kowa na raina na ɗan'uwansa, duk kuwa kwandon shara ɗaya suke tonawa. A makarantar nan kaf ni kaɗai ne na san daɗin a zauna da littafin tarihi a ji yadda garuruwa suka kafu.

Asabar, 9 ga Yuni

Baba ba ya cin abinci. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara dama cinsa kaɗan ne, amma fura ba ta taɓa wuce shi ba. Yanzu sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture kwanon. Mai duba shi ya zo, ya ce bai ga sabon ciwo ba.

Litinin, 11 ga Yuni

Inna ta faɗa mini, tana kallon ƙasa.

Wai duk la'asar, in ina wajen darasin yamma, Rauda kan zauna a gindin darbejiya ta karanta mata littafi, don Inna ba ta yi boko ba. Baba kuma sai ya ce a jawo masa tabarma bakin ƙofa, wai iska yake sha. Ashe saurare yake yi. Baba fa, Alhaji Badaru, wanda ya yi shekaru yana dillancin shanu a kara, maza na shakkarsa. Sun gama kashi na ɗaya da na biyu. Rauda ta bar na uku a kwalin don maƙwabciya ta riƙa shigowa tana ci gaba, ranar da za a fara na cinna masa wuta.

Na ce, Inna, soyayya fa. Ta ce shi ba ruwansa da soyayyar. Akwai wani Jafaru a ciki, maraya, ƙanin ubansa ya cinye masa garke, an shiga gaban alƙali, a nan na biyu ya tsaya. Tun ranar Baba yake tambayarta a hankali, "Yaron nan, an mayar masa da shanunsa kuwa?"

Bai tambaye ni ba. Ya san ni.

Talata, 12 ga Yuni

Mutum ya ƙi abinci saboda shanun ƙarya. Ban taɓa jin irin wannan ba.

Alhamis, 14 ga Yuni

Ƙashin wuyan Baba ya fito. Na je kasuwa wajen mai hayar littattafai, na tsaya nesa sai da mutane suka ragu. Ya kwashe su duka, yanzu littattafan addu'a da kalanda ya baza, ya ce ba ya son fitina. Ya tambaye ni sunan littafin. Ban sani ba, Inna ma ba ta sani ba, mai jan bango kawai take ce masa. Na ba shi labarin Jafaru, ni da bakina, a tsakiyar kasuwa. Ya yi wata 'yar dariya da ba zan manta masa ba. Ya ce in akwai wadda ke da shi a ƙasar Daura to Laraba ce, mai ɗinki a Sandamu.

Asabar, 16 ga Yuni

Na hau babur na je Sandamu. A zaure aka tsayar da ni, ita tana bayan labule, keken ɗinkinta bai daina ƙara ba sai da na faɗi sunana.

"Au, mijin Rauda. Mai ashana."

Labari ya riga ni. Biyar daga cikin waɗanda na ƙone nata ne. Na ce zan saya. Ta ce ita ba ta sayarwa, ba ta haya. A wajensu littafi da littafi ake karɓa: ka kawo wanda ka karanta kake so, ka tafi da wanda kake nema, in ka dawo da shi a mayar maka da naka. Haka suke yi daga Sandamu har Baure, gida gida, a cikin hijabi da kwanon abinci. Na ce zan sayo sabo in kawo. Ta ce a'a Malam, wanda ranka ke kai shi ake ajiyewa, shi ne zai sa ka kula da namu.

Mai ɗinki tana kafa mini doka. Na dawo ina huci.

Lahadi, 17 ga Yuni

Na kai mata littafin tarihin sarautun ƙasar Hausa, wanda malamina ya ba ni ranar da na gama kwaleji. Ba a buga shi yanzu. Hannu ya fito ta gefen labule ya karɓa, ya miƙo mini wani abu mai maiƙo, an ɗinke gindinsa da zaren keke. Ƙamshin daddawa yake yi.

Litinin, 18 ga Yuni

Maƙwabciyar ta tafi biki Kano. Ba mai karantawa sai ni.

Na zauna gindin darbejiya bayan la'asar, na ce wa Inna da ƙarfi ita zan karanta wa. Baba ya ce a jawo masa tabarma, zafi ya yi yawa. Hadari ne fa a sama, iska har tana ɗaga zanen shanya.

Rubutun Allah ya sawwaƙe. Ba waƙafi, ba aya, budurwar ta yi kuka sau uku a babi ɗaya. Na tsallake wani dogon bayanin leshi, sai na ji daga bakin ƙofa, "Ka yi tsallake." Na koma baya.

Ya sha rabin kwanon fura.

Laraba, 20 ga Yuni

Baba ya ce marubuciyar ba ta san shanu ba, babu bajimin da zai yarda baƙo ya kama masa ƙaho haka. Ya yi magana mai tsawo, bakinsa na karkacewa, ya ba ni labarin wani sa da ya taɓa korowa a ƙafa daga Baure. Ban taɓa jin labarin ba. Shi ne wanda aka sayar lokacin da zan tafi kwaleji.

Shaidar da ƙanin uban ya kawo ta ƙarya ce, tun babi na huɗu na gane. Kowa ma zai gane.

Juma'a, 22 ga Yuni

Mun gama. An mayar wa Jafaru shanunsa, an yi aure, kowa ya yafe wa kowa, kamar yadda aka saba a irin wannan shirme. Inna tana share ido da bakin mayafi.

Na tashi zan shiga ɗaki Baba ya ce, "Kalilu." Na durƙusa. Ya ce, "Duk bokon nan da na sa ka, yau na fara cin moriyarsa."

Ba da faɗa ya faɗa ba, yana murmushi ma. Littattafai sun cika mini kanta biyu, shekara da shekaru yana wucewa ta gabansu. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ban fito ba sai da aka kira magariba.

Asabar, 30 ga Yuni

Rauda ta sauka ranar Talata, mace, lafiya lau. Da na je Baure ban ɗauko zancen kwalin ba, ita ma ba ta ɗauko ba, amma ta tambaye ni ko Jafaru ya samu shanunsa, tana danne dariya.

Yau na mayar wa Laraba littafinta. Na liƙe shafukan da suka ɓalle, na yi masa riga da takardar kalanda, don kada a ce na lalata. Ta miƙo mini nawa ba ko lanƙwasa. Ta ce ta karanta shi duka, ba laifi, sai dai sarakuna sai mutuwa suke yi ba a faɗin wanda ya yi kuka. Jahilci. Amma na yi ta tunanin maganar a kan babur.

Ban dawo da nawa ba. Na bar mata shi na karɓo wani, mai koren bango, kashi huɗu ne wai. Ta ce akwai rigimar gona a ciki. Shara ce, na leƙa farkonsa a tasha, har mai babur ya yi ta yi mini hon ban ji ba.

Baba ya ci tuwo da rana. Tun kafin la'asar ya sa an jawo masa tabarma, wannan karon har gindin darbejiya.