Hoton Gonar Albasar Baba

Zuwa ga Zinatu, sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta in ranar Jega ta buɗe, ruwan randata bayan doguwar tafiya. Gaisuwa mai yawa, da bege wanda ya fi ta yawa.

Kin tuna ranar da na fara shigowa shagonku na wanke hoto, ina taƙama da hoton gulbi? Kinka ɗaga shi, kinka juya shi sama da ƙasa, kinka tambaye ni ko farin zani na shanya na ɗauka. Wayyo Zinatu! Da wani ne ya faɗa mini haka, da sai an raba mu. Amma ke ba ki tsaya ga dariya ba. Kinka nuna mini inda haske ya cinye sama, kinka ce in matse idon kyamara, in auna haske daga sararin sama ba daga ƙasa ba, sannan kinka yaba yadda na ajiye kwalekwale a gefe. Yabon nan guda na rungume har gida, ranar ko tuwo ban nema ba.

Sai kinka kafa mini sharaɗi: ranar da na kawo hoton gonar albasar Babanki ta Mungadi, sama shuɗiya, ƙasa koriya, ranar zan turo magabatana. Na ce ai wannan wasa ne! Kinka ƙara da cewa haske mai kyau sai da sanyin safiya ko la'asar sakaliya. To, ranki shi daɗe, wa ke cikin gonar yana ban ruwa a waɗannan lokuta? Baba! Ina ɗan mutunci zai tsaya ƙiƙam gaban wanda yake fatan ya zama surukinsa, ya auna shi da kyamara? Shi ya sa nake lallaɓawa da tsakar rana in ya tafi gida, daga ni sai ƙadangaru. Shi ya sa duk hotunan da kinka dawo mini da su sunka ƙone fari fat. Wallahi ba daƙiƙanci ba ne, kunya ce.

Jiya dai begenki ya fi ƙarfin kunya, na yi ta maza. Gari na wayewa na isa. Raɓa bisa ganye, haske mai laushi, ga Baba tsaye bakin injin ban ruwa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a har ya tambayi mutanenmu na Alelu. Daga nan na ciro kyamara. A tsugunen na kawar da kai gefe kamar yadda tarbiyya ta koya mana, na rage haske, na danna.

Zinatu, nan take hoto ya fito bisa gilashin kyamara! Sama shuɗiya har da gajimare, kowane ganyen albasa tsaye da raɓarsa. Na miƙa wa Baba kyamarar da hannu biyu, kaina ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ma sha Allah, bai taɓa sanin albasar Isiyaku ta yi kyau haka ba. Isiyaku fa, maƙwabcinsa na gona, wanda suke gasar kai buhuna kasuwar Aliero tun ba a haife ki ba! Inda na kawar da kai, can kyamara ta bi.

Ga hoton nan, ki duba shi da idon nan naki marar sassauci, ki faɗa mini abin da ya saura. Na san sharaɗi bai cika ba, kuma tsoro nake ji sosai kada Baba ya ɗauke ni ɗan koren Isiyaku, in rasa ki. Gobe da safe zan koma in fuskanci gonar gaba da gaba. Alfarma ɗaya nake roƙo, ya hasken zuciyata: ki sa Inna ta lallashe shi ya juya baya, ko na ƙiftawar ido ne.

Kyamarata ta ɓata gona, amma zuciyata ba za ta taɓa ɓata gida ba.

Naki kaɗai har numfashi ya ƙare,
Arzika