Lambar Babanki Ce a Shafin

Femke,

Na tafi kasuwa, ban tashe ki ba. Shafin intanet ɗin da kika buɗe wa kyafaffen kifinmu ya fara aiki, amma lambar babanki kika sa. Da safe wayarsa ta yi ƙara. Tun jana'izarsa nake mata caji, ban gaya miki ba.

Wata mata ce, kifin biki take so. Ta nemi babanki da sunansa, ta ce, "Ba ni Wiebe, shi ya san gishirina." Sai na kashe wayar. Ki yi haƙuri, na kori cinikinmu na farko.

Ki kira ta, lambarta na cikin wayar. Ki sa tawa lambar a shafin, hotonsa kuwa ki bar shi.

Ban san awon gishirin nan ba, Femke. Ban taɓa tambayarsa ba.

Mama