Kada a Yanke wa Rahma Linzami

Baban Rahma,

Na bi motar farko zuwa Katsina, yau ce jarrabawata ta ƙarshe. Rahma tana barci.

Jiya da la'asar na ji Innarka tana waya da wanzamin garin Riko, wai ya zo yau ya yanke wa Rahma linzamin harshe tunda har yanzu ba ta magana. Harshenta lafiyarsa lau. A gabanka likita ya ce lalurar Down ce, mai sa jinkirin girma, bakinta zai buɗe a hankali.

Shekara uku ina shanye gorin gidan nan, ban taɓa roƙon kowa ba. Yau na roƙe ka: kada ka fita lodin kaya a boda sai na dawo.

In ta dafa ƙirjinta tana cewa "mma", ni take nema. Ka ce mata ina hanya.

Salmatu