Maɗacin Bakin Ƙofa Ya Yi Toho

Laraba da dare, farkon damina

Na gaji liƙis da aikin lambun itatuwa na gari, amma maɗacin bakin ƙofa ya yi toho! Tun rani na fid da rai da shi, don masu neman magani sun sassaƙe ɓawonsa.

Yau Iya Hansai ta Kausani, wadda na taɓa kamawa da wuƙa a gindinsa, ta dawo da laka a ƙwarya, ta shafe raunin da hannunta.

Ta ce, "Ɗana, jikata ta warke. Shi ma a bar shi ya warke."

Na ba ta ƙaramin dashe ta kai gida. Goya shi ta yi.